Yini Guda A Tsibirin Gore Tare Da Masu Zane

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙagi halitta ba tare da wani misali da ya gabata ba, ya suranta ɗan Adam ya kuma kyautata surarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, cikin tambayoyin da samari 'yan makaranta su ke yawan aiko mana akwai ta hukuncin zane: wane iri ne ya halatta, wane iri ne ya haramta, kuma ko Musulmi ya iya cin abinci da wannan sana'a? Malamanmu na usulu suna da ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa. Saboda haka da Allah ya nufe ni da zuwa ƙasar Senegal ziyarar 'yan'uwa a Kaulaha, sai na keɓe yini guda na haye tsibirin Gore, wurin da masu zane da masassaƙa suka yi wa tsinke. Na shiga ɗakunan aikinsu na zauna da su, tare da wani ɗalibin Larabci mutumin Dakar wanda ya yi mini tafinta. Ga abin da na gani, ga kuma abin da littattafanmu suka faɗa a kansa.

GORE DA TARIHINSA

Gore ɗan tsibiri ne a cikin Tekun Atlantika daura da birnin Dakar. Daga tashar jiragen ruwa jirgin fito ya kan kai mutum cikin kamar minti 20. Tsawonsa wajen mita 900 ne, faɗinsa kuwa wajen mita 300, watau ko wata unguwa ta cikin birnin Kano ta fi shi girma. Ba a shiga da mota cikinsa, sai dai tafiyar ƙasa a lunguna masu rairayi, tsakanin benayen zamanin da waɗanda aka shafe da jan fenti da rawaya. Mutanen ƙasar, watau Wolof, Ber su ke kiransa. Turawan Fotugal su ne suka fara sauka a 1444, sa'an nan mutanen Holan suka karɓe, su ne suka raɗa masa sunan da ya rikiɗe ya zama Gore. Faransawa suka ƙwace shi a 1677, Ingilishi suka yi ta karɓewa suna mayarwa, har ya tabbata a hannun Faransa a 1817, bai fita ba sai da Senegal ta sami mulkin kai a 1960. A 1978 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya sa sunan Gore ya kewaye duniya shi ne cinikin bayi. Baƙo ba ya fara komai sai ya shiga Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1776, aka mai da shi gidan tarihi a 1962 da ƙoƙarin Boubacar Joseph Ndiaye, mutumin da ya yi ta tsaronsa har ya rasu a 2009. A ƙarƙashin benen akwai ƙananan ɗakuna masu duhu, da wata siririyar hanya da ta miƙe har bakin wata ƙofa mai buɗewa kan teku, wadda a ke kira Ƙofar Da Ba A Komowa. Masana tarihi sun yi saɓani a kan yawan bayin da aka fitar ta Gore, da yawansu suna ganin waɗansu tashoshin gaɓar Afirka sun fi shi nesa ba kusa ba. Amma ko rai guda aka sayar ya isa abin kuka. Buhari ya ruwaito cewa Allah da kansa zai zama abokin husumar wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, kuma tun 1615 Shehu Ahmadu Baba na Tambutu ya ba da fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno Musulmi ne, bautar da su bai halatta ba. Na tsaya a kan wannan ƙofa ne domin ita ce mu ka yi ta gamuwa da hotonta a hannun masu zanen tsibirin, kusan kowace rumfa.

ZANEN BAYAN GILASHI

Da mu ka fito sai ɗalibin ya nuna mini tsohon ginin makarantar horon malamai ta William Ponty, wadda ta zauna a Gore daga 1913 zuwa 1937. A nan Boubou Hama da Diori Hamani na ƙasar Nijar suka yi karatu. Shi wannan Ponty shi ne Babban Gwamnan Faransa na Afirka ta Yamma daga 1908 zuwa 1915, kuma yana da hannu a tarihin sana'ar da na fara gani, ko da ya ke ba alheri ya nufa ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 alhazai da fatake sun riƙa shigowa Senegal da hotunan ɗab'i daga ƙasashen Larabawa, masu nuna Ka'aba da Buraƙa da jirgin Annabi Nuhu da Sayyadi Ali riƙe da takobinsa Zulfiƙari. Ponty ya ga hotunan nan suna ƙara wa jama'a son Musulunci da ƙin bin Nasara, sai ya hana shigo da su. Da hanya ta toshe, sai masu hikima suka riƙa ɗora gilashi a kan 'yan waɗanda suka rage suna kwafewa, har abin ya zama sana'a mai cin gashin kanta. Suna kiranta suwer, daga kalmar Faransanci mai nufin ƙarƙashin gilashi, kuma mai jin Larabci zai lura da kusancinta da suwar, jam'in sura. Cikin waɗanda suka yi suna da ita akwai Gora Mbengue, wanda ya rasu a 1988.

Ɗakin da mu ka shiga na wani dattijo ne, ɗan ƙarami, gilasai jingine a jikin bango, ga gwangwanayen fenti da kwalbar tawada a kan benci. Ya ɗauki gilashi ya goge shi tas, ya ja layin zanen da baƙar tawada, ya ce: "Serin," watau malam da harshensu, "mu a bayan gilashi mu ke aiki, mai kallo kuwa ta gaba zai gani. Abin da ya ke dama a wurina hagu ne a wurinsa. Ƙwayar ido da zanen riga su na ke fara sawa, sararin sama ne na ƙarshe, kuma abin da ya riga ya bushe ba ya gyaruwa sai dai a kankare." Ko sunansa a juye ya ke rubutawa, kamar mai sassaƙa hatimi. Na ga ya rubuta Bismilla da Larabci daga hagu zuwa dama, da ya juya gilashin sai ga ta daidai ba kuskuren ɗigo ko ɗaya.

Mafi yawan abin da ya ke sayar wa baƙi hotunan rayuwar yau da kullum ne: mata da manyan ɗaurin kallabi, masunta a kwalekwale, motocin haya na Dakar. Amma a bangon ciki ya rataye na shaihunai. Ga Alhaji Maliku Si na Tiwawan da laimarsa, ga Shehu Ibrahim Inyas, ga kuma Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya da garin Tuba, ya rayu daga 1853 zuwa 1927. Hotonsa guda ne ya shahara a hannun jama'a, wanda Faransawa suka ɗauka wajen 1913 sa'ad da su ke tsare da shi, yana tsaye da farar riga ya yi amawali. Daga wannan guda ne aka kwafi dubban da a ke gani a bangaye da motoci da kantuna. Akwai kuma wanda aka zana shi yana salla a kan buzu bisa ruwan teku, domin Muridawa suna ba da labari cewa haka ya yi a 1895 sa'ad da aka hana shi salla a cikin jirgin da ya kai shi gudun dole ƙasar Gabon.

Da za mu tashi sai dattijon ya riƙe hannuna ya ce: "Serin, da wannan aiki na ciyar da 'ya'yana har suka girma. Wani yaro da ya yi karatu ya zo nan ya ce mini wuta zan shiga. Kai me ka gani?" Na ce masa: "Ɗan'uwa, wuta da aljanna ba a hannun yaron nan su ke ba, ba kuma a hannuna ba. Amma maganar tana da rabe-rabe." Na zauna na rarrabe masa, kamar yadda zan kawo a gaba in Allah ya so.

MAI RAIRAYI DA MUTANEN KAN TUDU

Daga nan mu ka shiga rumfar wani saurayi mai zane da rairayi. Ya jera ƙoƙuna a gabansa, kowanne da irin launin ƙasarsa, ja da fari da baƙi da rawaya da ruwan toka, ya ce ba rini a ciki, daga wurare dabam dabam a ke kawo masa. Ya kan shafa ƙaro da burushi a kan katako daidai inda ya ke so, ya barbaɗa rairayi, ya karkaɗe, sai wanda ya manne ya tsaya. Kafin a dafa shayi ya gama itacen kuka da bukkoki biyu da rana tana faɗuwa. Na sayi wannan ba tare da wani ɗar a zuciyata ba.

Mu ka bi hanyar da ta hau tudun Kastel a kudancin tsibirin, itatuwan kuka dama da hagu, an rataye zane-zane a tsakaninsu kamar shanyar marina. A ƙwanƙolin tudun akwai manyan igwa na Faransawa, na zamanin da aka gwabza a watan Satumba na 1940, sa'ad da Ingilishi da mutanen Janar de Gaulle suka kawo wa Dakar hari ba su ci nasara ba. Ramukan da soja suka gina a ƙarƙashin ƙasa yanzu masu zane ne a ciki, nan su ke aiki, waɗansu ma nan su ke kwana. Da yawansu 'yan Bay Fal ne, mabiyan Shehu Ibrahim Fal almajirin Ahmadu Bamba, waɗanda a ke ganewa da riga mai faci-faci da dogon gashi da ƙaton carbi. Suna girmama aikin hannu ƙwarai, kuma wannan abin yabo ne. Amma an san waɗansunsu da sassauci game da salla da azumi da sunan aiki ya isar musu, wannan kuwa ba shi da madogara, domin shehun da su ke jingina gare shi an san shi da tsayuwa a kan salla ko a hannun maƙiya.

A kan tudun nan aka nuna mini inda Moustapha Dimé ya yi aiki har ya rasu a 1998. Masassaƙi ne Bamuride wanda ya ci babbar kyauta a bikin nunin fasaha na Dakar a 1992. Kayan aikinsa su ne abin da mutane suka yar: katakon tsohon kwalekwale, da turmi da taɓarya da ƙwarya da ƙarfe mai tsatsa. An kuma ambata mini Souleymane Keita, haifaffen Gore, wanda ya rasu a 2014, ya shahara da irin zanen da launi da layi ne suka rinjaya a cikinsa. Na ga samari da yawa suna bin wannan hanya, waɗansu suna haɗawa da haruffan Larabci. A gefensu kuma ga masu sayar da gumakan itace cikakku, na mutane da na dabbobi, waɗanda baƙi su ke rububi.

Azahar ta same mu a nan, mu ka gangara masallacin Gore da ke gindin tudun ta yamma. Ginin dutse ne da aka yi wajen 1890, yana cikin tsofaffin masallatan dutse na ƙasar. Igiyar ruwa tana dukan gindinsa dare da rana, teku kuwa tana ta cin gaɓar tsibirin. Cikin sahun da na yi salla akwai waɗanda fenti bai gama fita daga faratansu ba, kuma a bangon masallacin ban ga surar kowa ba. Wannan ya nuna mini mutanen nan sun san akwai iyaka, abin da su ke bukata shi ne a fayyace musu inda ta ke.

ABIN DA MALAMAI SUKA FAƊA

Asalin maganar hadisai ne ingantattu. Buhari da Muslimu sun ruwaito tsananin narkon masu yin sura, cewa za a ce su busa rai ga abin da suka yi ba kuwa za su iya ba, da cewa mala'ikun rahama ba su shiga gidan da akwai kare ko sura. Sun ruwaito kuma cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta rataya labule mai surori, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi shi, ta yanka ta yi matasan kai da shi. Ba wanda ya isa ya yi wasa da waɗannan. Amma malamai sun dube su gaba ɗaya, suka kasa abin kashi kashi.

Kashi na farko zanen abin da ba shi da rai, kamar itace da teku da gini da haruffa da ado. Wannan halal ne a wurin jumhurun malamai. Kukar mai rairayi da hoton Ƙofar Da Ba A Komowa da zanen launi da layi duk nan suka faɗa.

Kashi na biyu surar mai rai wadda ta ke da jiki, watau mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, kamar gumakan itacen nan da na ambata. Wannan haramun ne a mazhabarmu ta Maliku da sauran mazhabobi, sai 'yar tsanar yara mata da aka yi rangwame a kanta. In kuwa surar ta rasa abin da rai ba ya zama sai da shi, kamar kai, to a wurin malamanmu ta fita daga haramci.

Kashi na uku surar mai rai a kan abu shimfiɗaɗɗe, kamar takarda ko ƙyalle ko gilashi. A nan aka yi saɓani. Imamu Nawawi na Shafi'iyya ya tafi a kan haramci, da inuwa ko babu. Malikawa kuwa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaidin da sharhin Dardiri a kan Muhtasar, suna ganin makaruhi ne in an ɗaukaka ta, in kuwa abin takawa ce to barinta ya fi kawai. Aikin dattijon nan mai gilashi yawancinsa a nan ya ke, shi kuwa Bamalike ne a ƙasar Malikawa. Mai aikata makaruhi ba a yi masa albishir da wuta. Hoton kyamara kuma Muftin Masar Shehu Muhammadu Bahit, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta littafi a kan halaccinsa, yana ganin kamun inuwa ne kawai, ko da ya ke akwai waɗanda suka saɓa masa.

Kashi na huɗu shi ne na fi jin tsoro, kuma shi ne na fi tsawaita wa dattijon magana a kansa: zana Annabawa, da rataya surar shaihunai don neman albarka. Zanen Annabawa malaman zamani na Azhar da na Makka sun haɗu a kan hana shi, domin ƙarya ce a kansu da rage musu daraja. Surar shaihunai kuwa, mu tuna bayanin Ibnu Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu, su Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, asalinsu mutanen kirki ne. Aka yi surarsu don tunawa, da masu sani suka ƙare sai aka bauta musu. Wanda ya ajiye hoton shehunsa don ƙauna ya shiga saɓanin da na ambata. Wanda kuwa ya ke shafarsa yana kai wa fuska, ko ya rataya shi a alƙiblar sallarsa, ko ya ɗauka shi ne zai tsare masa mota daga haɗari, wannan ya bar maganar zane ya shiga maganar tauhidi. Wannan gargaɗi bai tsaya ga mutanen Senegal ba, domin duk mai shiga motocin haya da shagunan ƙasarmu ya san mu ma muna da rabonmu a ciki.

NASIHA

Buhari ya kawo labarin wani mutum da ya zo wurin Ibnu Abbas ya ce shi da hannunsa ya ke ci, surori ya ke yi. Ibnu Abbas ya karanta masa hadisin narko, mutumin ya firgita har fuskarsa ta sake. Sai Ibnu Abbas ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya riƙa yin itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Ku duba, jama'a, bai ɓoye masa gaskiya ba, bai kuma sallame shi ya tafi da yunwa ba. Ya rufe masa ƙofa guda ya nuna masa wata. Haka ya kamata malaminmu na yau ya yi da yaron da Allah ya ba baiwar hannu. In aka ce masa komai haramun ne, ɗayan biyu za a samu: ko ya yar da baiwar ya zauna zaman banza, ko ya yar da maganar malamai gaba ɗaya ya zana abin da ya ga dama.

Ku kuma samari masu tambaya, ku sani filin halal ya fi na haram faɗi. Kakanninmu sun ƙawata sorayen Zariya da Kano da zanen dagi, sun yi wa allon sauka zayyana, sun ɗinka aska takwas a wuyan riga, sun rubuta Alƙur'ani da hannu da tawada iri iri, ba su taɓa bukatar sassaƙa gunki ba. Waɗannan sana'o'i yau suna ja da baya saboda rashin masu koyo da rashin masu saye. Mutanen Gore har biki su ke yi wanda masu gidaje kan buɗe tsakar gidajensu a baje aikin masu zane jama'a su shiga su gani. Me zai hana masu hali daga cikinmu su yi wa marubutan Alƙur'ani da masu zayyana da magina irin wannan gata, su sayi aikinsu da daraja, su ɗauki nauyin yaran da za su gaje su?

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya nuna mana ƙarya ya ba mu ikon guje mata. Allah ya ji ƙan bayinsa da aka fitar daga ƙasashensu bisa zalunci, ya tsare masallacin Gore da masu salla a cikinsa, ya sa albarka a sana'ar kowane mai neman halal. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.